Wanda Ido Ya Hana Tuƙa Mota, Wa Ya Ba Shi Keken Golf?

Matar da nake yi wa aiki shekararta 81. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu jihohi masu nisa, ita kaɗai ce a gida a wani ƙaramin garin masu ritaya da ke tsakiyar jihar Florida. Sau uku a mako nake zuwa, in taimaka mata ta yi wanka, in jera mata magunguna a 'yar akwatin nan mai gida bakwai, in auna mata jini. Sauran hidima da kanta take yi. Ita ke girkinta, ita ke biyan kuɗin wuta da ruwa, ita ke shayar da furannin ƙofar gida. Mama nake ce mata, tun tana dariya har ta saba tana amsawa.

Wata Talata da hantsi maƙwabcinta ya ɗauke ta a kekensa na golf za su kantin magani, tafiyar da ba ta kai minti goma ba. A wata mahaɗa ya ga motar da ke tahowa a makare, ya fizgi sitiyari hagu bai rage gudu ba. Mama tana zaune a dama, babu ƙofa, babu bel. Keken ya yi hagu, ita ta yi dama, kanta ne ya fara isa dakalin simintin gefen titi. Da na same ta a asibiti an aske mata gefen kai, an yi ɗinki, tabaronta yana cikin leda a kan teburi, gilashi ɗaya ya fita. Tana shan maganin tsinka jini saboda zuciyarta, don haka jini ya taru mata a cikin ƙoƙon kai. Ta rayu. Amma yau ni ke riƙe mata cokali, kuma wani lokaci sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa take kirana da shi.

Abin da ke ci mini rai shi ne na san mutumin, kuma na san abin da duk layin suka sani. Shekara guda kafin wannan rana ya je sabunta lasin tuƙi, ya faɗi gwajin ido. Da bakinsa ya faɗa, yana zaune a teburin Mama yana mita, ina tsaye ina wanke kofuna. 'Ya'yansa suka zo suka sayar da motar, suka koma hankalinsu kwance, sun sauke nauyi. Keken golf kuwa suka bar masa shi a gareji da mabuɗinsa a jiki.

Kuma bai karya doka ba. Nan ne fushina yake. A Florida duk wanda ya kai shekara 80, sai ya ci gwajin ido kafin a sabunta masa lasi, kuma lasin nasa na shekara shida ne, ba takwas irin na sauran jama'a ba. Doka ta ma ba likita, ko ɗan'uwa, ko maƙwabci damar ya kai rahoton direban da lafiyarsa ta sa ya zama haɗari, a ɓoye sunan mai rahoton. Duk wannan tanadi yana nan. Sai dai dokar jihar ta cire mai tuƙa keken golf daga cikin waɗanda ake nema wa lasi. A 2023 majalisar jihar ta taɓa dokar, Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu, ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba. Kafin nan yaro ɗan shekara 14 yana iya hawa titi da keken. Yanzu wanda bai kai 18 ba sai da lasi ko takardar koyon tuƙi. Madalla, an kare yara. Amma babba fa? Katin shaida mai hoto kawai ake so ya riƙe a aljihu. Hukumar da ta duba idon mutum ta ce ba ya gani yadda zai tuƙa mota, ita ce kuma za ta ba shi katin da zai hau titi ɗaya da masu mota, ya ɗauki fasinja. 'Yan majalisa sun riƙe dokar a hannunsu, sun gyara gefen da ba zai ɓata musu ƙuri'a ba, suka bar gefen da tsofaffi ke zubewa.

Wanda bai taɓa zuwa irin waɗannan garuruwa ba zai ɗauka ana maganar abin wasa ne. A'a. Tun da kamfanin Del Webb ya buɗe Sun City a jihar Arizona a farkon 1960, aka shiga gina garuruwa sukutum don waɗanda suka ajiye aiki. Mafi girma a yau shi ne The Villages a nan Florida, wanda ya ratsa gundumomi uku, Sumter da Lake da Marion, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum kusan 79,000 a tsakiyarsa kaɗai. Akwai hanyoyin keken golf sama da mil 100 a cikinsa, da gadoji, da hanyoyin da ke bi ta ƙarƙashin manyan tituna. Da keken ake zuwa banki, da shi ake zuwa coci, da shi ake ganin likita, da shi ake cefane. Ka ƙaddara Keke Napep ne mai ƙafa huɗu, sai dai kowane gida da nasa, kuma direban ya haura saba'in.

To amma shi wannan abin hawa, ba don titi aka ƙera shi ba. An yi shi ne ya ɗauki mutum biyu da jakar sandunansu, ya lallaɓa a kan ciyawa daga wannan rami zuwa wancan. Kujerarsa shimfiɗaɗɗen benci ce mai santsi. Abin da ke tsakanin fasinja da kwalta ɗan ƙarfe ne a gefen ƙugu, tsayinsa bai wuce tafin hannu ba. Direba yana da sitiyarin da zai riƙe, kuma ya san lokacin da zai juya. Fasinja ba shi da ko ɗaya, shi ya sa kwanar hagu ita ke watsar da na dama. Da yawa daga cikin kekunan ƙafafun baya kaɗai ke da birki. Abin da dokar Florida ta wajabta a jikinsu bai taka kara ya karya ba: birki mai ci, sitiyari mai lafiya, taya mai kyau, madubin hangen baya, da 'yan jajayen alamu masu ƙyalli gaba da baya. Bel ba ya cikin lissafi. Rajista ba dole ba, lamba ba dole ba, inshora ba dole ba.

Raina kama ka ga gayya. Masu bincike daga asibitin yara na Columbus a jihar Ohio sun fitar da lissafi a 2008: daga 1990 zuwa 2006 mutum kusan 148,000 aka kai sashen gaggawa a Amurka saboda keken golf, adadin na shekara ya tashi daga ƙasa da 6,000 zuwa sama da 13,000, kuma faɗowa daga keken ita ce kan gaba. A 2020 mujallar Traffic Injury Prevention ta buga binciken wasu likitoci a kan The Villages, inda suka ƙirga haɗari 875 tsakanin 2011 da 2019, kusan rabinsu sun ƙare da kwanciya asibiti, ko mummunan rauni, ko mutuwa. Wanda yake aiki irin nawa ya san abin da lambobin ba sa faɗa. Matashi ya faɗi ya karkaɗe wando ya tashi. Tsohuwa ta faɗi ƙugu ya karye, daga nan sai gado, daga gado sai ciwon huhu ko gyambon kwanciya, cikin 'yan watanni sai a ce tsufa ne ya ɗauke ta. Ba wanda zai rubuta keken golf a takardar mutuwarta.

Akwai kuma waɗanda gangancinsu da gayya ne. A doka, keken golf shi ne wanda gudunsa bai wuce mil 20 a awa ba, kimanin kilomita 32. Wanda ke gudu tsakanin 20 da 25 wani aji ne daban, kuma tun 1998 hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya ta ɗora masa sharuɗɗa: fitilu, sigina, gilashin gaba, bel. Florida ta ƙara masa rajista da inshora da lasin direba. Me mutane ke yi? Su sayi na ajin farko, su kai wa makanike ya kwance abin da ke ƙayyade gudu, su sami gudun aji na biyu ba tare da ko ɗaya daga cikin sharuɗɗansa ba. Na sha jin dattawa suna alfahari da wannan a bakin wurin ninkaya, kowa yana faɗin mil nawa nasa ke yi. Sai kuma giya. Da yamma ana taruwa a dandali, a yi kiɗa, a sha, dare ya yi kowa ya hau kekensa ya nufi gida. Dokar tuƙi cikin maye ta hau kan keken golf kamar yadda ta hau kan mota, ma'aunin ɗaya ne, 0.08, kuma 'yan sanda suna kamawa. Amma mutumin da ba zai taɓa yarda ya tuƙa motarsa bayan kofi uku ba, shi ne zai ce ai keke ne kawai.

Da na tayar da maganar maƙwabcin Mama, wata da ke layin ta dafa mini kafaɗa ta ce in yi haƙuri, haɗari ne, bawan Allah ya fi kowa shiga damuwa, ga shi har furanni ya kai asibiti. Wata ta ce ba a yi wa maƙwabci haka, shekara goma sha biyar suna kati tare. Na gane wannan magana sarai, don da irinta aka raine ni. Mu ma muna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, muna cewa babba juji ne, kuma ni ba a koya mini ɗaga murya a gaban mai furfura ba. Amma tsautsayi daban, ganganci daban. Mutumin da aka gaya masa idonsa ya gaza, ya ji, ya maimaita da bakinsa, sannan ya ɗauki rai a gefensa ya hau titi, ya zaɓa ne. 'Ya'yan da suka sayar da mota suka bar keke, su ma sun zaɓa. Kuma in girmama furfura ake yi, Mama ba ta da furfura ne? Me ya sa kunyar tsoho ke aiki a kan wanda ya tuƙa, ba ta aiki a kan wadda ta faɗi?

Na san abin da za a ce mini, kuma ba na raina shi. A Amurka wanda aka raba da abin hawa an raba shi da duniya. Babu ɗan acaba a bakin layi, babu jika da za a aika, babu maƙwabcin da zai leƙo sau uku a rana. Na ga yadda kaɗaici ke cinye tsoho kamar gara. Keken golf ya tsawaita wa dubban mutane 'yancin fita, kuma mafi yawansu suna tuƙi da natsuwa. Ba na neman a hana shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da nake cewa, duk wanda zai bar filin wasa ya hau hanyar jama'a, a duba idonsa da hankalinsa kamar yadda ake duba mai mota, wanda ya faɗi gwajin ya faɗi duka biyun. Kamfanonin da suka gina garuruwan nan, suka tallata su da hoton tsofaffi suna murmushi a kan keken golf, suna karɓar kuɗin hidima duk wata, su ne ya kamata su samar da 'yan bas da za su kwashi waɗanda aka sauke daga sitiyari. Wanda ya tsara gari a kan abin hawa ɗaya, shi ke da alhakin wanda ya kasa hawansa.

Bel kuwa, ban ga dalilin da har yau ake jayayya a kansa ba. Kuɗin sa shi bai kai kuɗin fentin da mutane ke yi wa kekunansu ado da shi ba. Akwai waɗanda suka mayar da nasu kamar tsohuwar motar alfarma, da kujerun fata da rediyo, amma babu ɗamarar da za ta riƙe matarsu a kwana.

Sai inshora. Tun 1984 Kotun Ƙolin Florida ta yanke cewa keken golf abu ne mai haɗari a idon doka, mai shi yana ɗaukar alhakin ɓarnar da aka yi da shi ko da wani ya ara. Alƙalai sun gane wannan shekara arba'in da suka wuce, majalisa ba ta biyo su ba. Alhaki yana nan a takarda, amma in mai keken ba shi da inshora, sai dai wanda aka ji wa rauni ya maka maƙwabcinsa kotu ya nemi kuɗin fanshonsa. 'Yar Mama ta tambayi lauya, ta dawo ta zauna a kicin ta yi kuka. Mutumin ba shi da inshorar keke, ta gidansa kuma ba ta shafi abin da ya faru a titi ba. Yanzu ana maganar sayar da gidan Mama don a biya kuɗin gidan kula da tsofaffi, saboda kwana uku a mako da nake zuwa ba sa isa, tana bukatar mai kwana da ita.

'Yan sanda sun zo ranar haɗarin, sun rubuta rahoto, sun tafi. Ba a gayyaci maƙwabcin ko'ina ba, ba wanda ya karɓi mabuɗin. Na rubuta wa ofishin da ke kula da unguwar, aka amsa mini cewa ba su da hurumi a kan wanda bai saɓa dokar jiha ba. Na buga wa ɗansa waya, ya ce zai yi magana da mahaifinsa in ya zo hutun ƙarshen shekara.

Shekaranjiya na fito da Mama baranda ta sha hantsi, na lulluɓe mata ƙafa da bargo, ina yanke mata farce. Sai ga maƙwabcin nan ya fito daga gareji da baya, ya taka gefen ciyawar maƙwabta, ya daidaita, ya ɗaga mana hannu. Mama ta ɗaga masa nata, ba ta san ko wane ne ba. A kujerar dama akwai wata tsohuwa daga layin baya, ta rungume jakarta a cinya da hannu biyu.