Keke, bas da jirgin da ya daina zuwa Gusau (zare)

1/ Jama'a, ina son mu yi maganar kuɗin mota. Ba na jin akwai ɗalibin da ke karatu a Gusau da abin nan bai dame shi ba. Ra'ayina a taƙaice: kafin a yi mana mafarkin jirgin ƙasa, a ba mu bas mai tashi kan lokaci da wurin ajiye keke. Ku biyo ni.

2/ Ku fara duba yadda garuruwanmu suke zaune. Tsafe, Kwatarkwashi, Sabon Gida, Damba, cikin Gusau, sai Bungudu. Duk kan titi ɗaya suke, babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta bi Funtua ta nufi Sakkwato. Kamar an jera wuri a tsinke.

3/ Wannan jeri babbar sa'a ce. Garin da ya bazu ta ko'ina yana buƙatar layukan bas goma kafin kowa ya amfana. Mu layi ɗaya mai kyau zai ɗauki ɗalibi, ma'aikaci, mai kai kaya kasuwa da mai zuwa asibiti. Amma har yau kowa ta kansa yake yi.

4/ Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana kan hanyar Zariya ne, wajen gari. Wanda ke kwana Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru sai ya hau abin hawa kullum. Wani sau biyu ma kafin ya isa: acaba zuwa bakin titi, sannan adaidaita ko mota.

5/ Za ka ce me ya hana su kama ɗaki kusa da makaranta? A Satumbar 2023 'yan bindiga sun shiga Sabon Gida da dare sun kwashe ɗalibai, yawancinsu mata. Tun daga nan, wa zai zargi uban da ya ce 'yarsa ta kwana cikin gari? Allah Ya kiyaye gaba. Sai dai kwanan gari yana da farashinsa, kuma a kuɗin mota ake biya.

6/ Sai ga mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura N500 cikin kwanaki. Zuwa ƙarshen 2024 ta wuce N1,000 a gidajen mai da yawa. Mai adaidaita ba shi da laifi, shi ma saye yake. Amma a aljihun fasinja lissafin yake ƙarewa.

7/ Mu yi lissafi na misali, kowa ya sa nasa adadin. A ce zuwa N500, dawowa N500. Dubu ɗaya a rana. Kwana biyar, N5,000. Mako goma sha biyar na zango, N75,000. Ba a yi maganar abinci ba, ba data, ba kuɗin buga takardu. To yanzu je kasuwa ka tambayi kuɗin keke na hannu, ka kwatanta.

8/ Abin da wannan ke jawowa kowa ya sani, faɗa ne dai ba a yi. Ɗalibi ya duba jadawali ya ga lakca ɗaya ce ranar Laraba, ya taɓa aljihu, ya ce a bari sai Alhamis mai lakca uku. Ranar jarabawa kuma abin da aka koyar a Larabar nan shi zai fito. Talauci ya zaɓa masa darasin da zai faɗi.

9/ To mu zo kan keke. Keken ƙafa nake nufi fa, laulawa, ba Keke Napep ba. Cikin Gusau ba hawa da gangara mai wahala. Daga unguwa zuwa bakin babban titi, ko daga gida zuwa kasuwa, tafiyar mintuna ce. Ba mai, ba layin gidan mai, sai iska da ɗan faci lokaci-lokaci.

10/ Abin da ya hana mu hawa, in za mu faɗi gaskiya, kunya ce. Ɗan jami'a a kan keke? Sai abokai su fara: “Malam, ina za a kai madara?” Mun mai da keke alamar wanda abin duniya ya ƙi. Ka fi son a gan ka a bayan acaba da kuɗin aro da a gan ka a kan abin hawanka na kanka.

11/ Ku tambayi kakanninku. Zamanin da, malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa keken Rali suke hawa, ana goge shi kamar doki, a yi masa ado. Wanda ya sayi sabo sai an zo an yi masa barka. Keken bai canza ba. Guntun gatarinka dai ya fi sari ka ba ni.

12/ A Holan, Mark Rutte yana firaminista ana ganinsa yana zuwa ofis a kan keke. A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht akwai wurin ajiye keke mai cin 12,500. Mutum ya taka keke zuwa tasha, ya kulle, ya hau jirgi. Su da suka fi mu kuɗi ba su ga abin kunya a ciki ba.

13/ Na san amsar: “Ai can sanyi ne.” To mu dawo kusa. Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, zafinsa bai kasa namu ba, kuma gari ne da aka sani da keke da babur, maza da mata. Tun 1987 suke gasar tseren keke ta Tour du Faso. Rana ɗaya ce ke dukanmu da su.

14/ Amma ba zan yi muku ƙarya ba, keke yana da iyaka. Ranar Afrilu da ƙarfe biyu ba wasa ba ce. Ƙurar hunturu tana shiga ido da ƙirji. Da damina wasu lungunan sai ka saɓa keken a kafaɗa. Shi ya sa nake cewa keke na gajeriyar tafiya ne, na safe da yamma, na kai ka bakin titi.

15/ Babban abin tsoro shi ne tirela da tankar mai. Babbar hanyar nan ita ce ke kai kaya Sakkwato da Kebbi. Mai keke a gefen kwalta, ga rairayi ya cinye gefen titi, ga babbar mota tana hon a bayansa. Duk wanda zai ce wa ɗalibai su hau keke ba tare da ya gyara wannan ba, bai yi musu adalci ba.

16/ Gyaran kuma ba na biliyoyi ba ne. Ana ta aikin tituna a Gusau tun zuwan Gwamna Dauda Lawal. In za a shimfiɗa kwalta, a ware gefe na masu keke da masu tafiya a ƙasa, a raba shi da ɗan dakali don kada motoci su mai da shi wurin fakin. A riƙa share rairayin. A sa fitila.

17/ Sai sata. Mutum ba zai sayi keke ba in ya san zai fito lakca ya tarar da sarƙa da kwaɗo kawai. Rumfar kwano, ƙarfen ɗaurewa, mai gadi ɗaya da ke ba da lamba. A ƙofar makarantu, a tashar mota, a bakin kasuwa. Ko N50 aka ce a biya, mai gadin ya samu abin yi, mai faci ma ya kafa a gefe.

18/ Yanzu bas. Damuwa ta farko da motar haya a nan ita ce sai ta cika. Ka zo tasha da wuri, ka zauna, yaron mota yana ta “saura mutum biyu” har rabin awa ta wuce. Lakcar ƙarfe takwas ba ta jiran lodi. Shi ya sa mutum ke haƙura ya hau acaba mai tsada.

19/ Abin da nake nema mai sauƙi ne: bas mai jadawali. Ta tashi daga Bungudu ta ratsa gari zuwa jami'a, wata ta taso daga Tsafe. A san cewa da safe duk minti ashirin ko talatin akwai mai tashi, ta cika ko ba ta cika ba. Wuraren tsayawa sanannu, masu inuwa. Kuɗi ƙayyadadde, a rubuce a jikin motar.

20/ Direba mai zaman kansa ba zai iya tashi da rabin fasinja ba, asara zai yi. Nan ne aikin gwamnati. Ta cike giɓin, ko ta ba da motocin ta ɗauki nauyin gyara. An saba sayen motoci a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hoto. Kuɗin taya da bakin mai na shekara ta biyu shi ne ba a cika sa wa a kasafi ba.

21/ Kuma bas ɗin nan mata ne suka fi buƙatarta. A al'adarmu ba kasafai budurwa ke hawa keke a titi ba, ba kuma zare ɗaya ne zai canza haka ba. In muka tsaya a kan keke kawai, mun bar rabin aji a baya. 'Yar'uwarmu tana buƙatar motar da ta san za ta mai da ita gida kafin magariba.

22/ Maganar magariba ba ƙarama ba ce. Kowa ya san halin hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtua. Bas mai lokaci sananne ta fi sauƙin a ba ta tsaro da ƙananan motoci hamsin da kowace ke tashi lokacin da ta ga dama. Iyaye ma sun san ƙarfe nawa za su fara duba ƙofa.

23/ Akwai wani darasi da 2021 ta koya mana. Saboda tsaro gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, ta hana sayar da mai a jarka, aka rufe kasuwannin mako, a Satumba aka katse layukan waya. Garin da ya jingina da acaba kaɗai, doka ɗaya ce za ta tsayar da shi cak.

24/ Kano ma a Janairun 2013 aka hana acaba ɗaukar fasinja, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Adaidaita sahu ta cike gurbin, ta kuma cike titunan. Gara mu tanadi madadin tun ba a tilasta mana ba.

25/ Wani zai ce ina son in kashe wa 'yan acaba kasuwa. A'a. Da yawansu rashin tsaro ne ya raba su da gonakinsu, babur ɗin nan shi ke ciyar da gida. Bas tana kan babban titi ne kawai. Shiga lungu, kai tsohuwa ƙofar gida, ɗauko kaya daga kasuwa, duk nasu ne. A zauna da ƙungiyoyinsu da na direbobi tun farko.

26/ To jirgin ƙasa fa? Mutane da yawa a ajinmu ba su san Gusau garin jirgi ba ne. A 1929 layin dogo daga Zariya ya bi Funtua, Tsafe da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda. Auduga da gyaɗa yake kwasa zuwa kudu. Jirgin nan na cikin abin da ya mai da Gusau babbar kasuwa, tun kafin a yi Jihar Zamfara a 1996.

27/ Ku kalli taswirar layin. Tsafe tana da kwalejin kiwon lafiya. Gusau tana da jami'a da kwalejin ilimi. Ƙaura Namoda tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Zariya kuwa ABU. Layin da Turawa suka shimfiɗa don auduga, yau garuruwan ɗalibai ya jera. Amma shekaru ke nan ba jirgin fasinja mai zirga-zirga a kai.

28/ Ina son jirgin ya dawo, wallahi. Tun Maris 2023 ma gyaran tsarin mulki ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, ba ta tarayya kaɗai ba ce yanzu. Zamfara da Katsina da Kaduna za su iya haɗa kai a kan layin nan. Ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tayar da maganar.

29/ Sai dai mu san nauyin abin. Tsohon layi ne siriri, ba irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba. Shi ma wancan an kai masa hari a 28 ga Maris 2022. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Daura da Katsina da Jibiya ya bi, bai taɓo mu ba. Jirgi aikin shekaru ne.

30/ Ɗan aji ɗaya na yau zai gama, ya yi bautar ƙasa, ƙila har ya yi aure kafin ya ji usur ɗin jirgi a Gusau. Ba zai yiwu a ce ya jira ba. Rumfar keke aikin mako biyu ce. Jadawalin bas aikin zango ɗaya ne. A fara da waɗannan, ana yi ana neman babban.

31/ In kuma jirgin ya dawo, da me za ka je tasha? Da keken nan da bas ɗin nan. Jirgi ba ya zuwa ƙofar gidan kowa. Wanda ya gyara ƙaramar tafiya yau ya share wa babbar hanya.

32/ Namu ɓangaren, mu ɗalibai: mu daina yi wa mai keke dariya. Shugabannin ƙungiyar ɗalibai, lokacin kamfe ku sa rumfar keke da jadawalin bas a alkawuranku, sun fi rigar sunan ƙungiya amfani. Wanda ke da keke a jingine a zaure, ya kai wa mai faci ya duba birki.

33/ Ku taimaka da abu ɗaya. A ƙasan zaren nan kowa ya rubuta unguwar da yake tasowa, abin hawa nawa yake canzawa, da nawa yake kashewa a rana. 'Yan Tsafe da Bungudu musamman. In muka tara, sai mu kai wa masu ruwa da tsaki a rubuce. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.