Ba Sarki Ke Zaɓa Wa Zuma Gida Ba

A wannan wata zancenmu na zuma ne.

Kowa ya taɓa ganin zuma ta taso ta dunƙule bisa reshen icce. Mutane su kan ce sarkinta ne ya sauka, talakawa suka rufe shi. To wannan sarki mace ce. Mu ƴan Arewa abin ba zai ba mu mamaki ba, tun da mun san Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Amma sarauniyar zuma ba ta ba da umurni. Aikinta ƙwai ne, har fiye da 1000 a yini idan furanni sun wadata.

To wa ke zaɓen sabon gida? Idan amya ta cika, tsohuwar sarauniya ta kan fita da wajen rabin jama'arta. Su sauka bisa reshe. Daga nan ƴan leƙe, ɗaruruwa kaɗan cikin dubbai, su bazu neman kogo. Wadda ta samu wuri ta shiga ta zagaya shi, ta dubi faɗinsa da bakinsa. Ta komo ta yi rawa bisa bayan ƴan'uwanta. Rawar ce ke nuna wace nahiya wurin yake da kuma nisansa. In wurin mai kyau ne, sai ta daɗe tana rawa. In bai kai ba, ta taka kaɗan ta bari. Waɗansu su je su gani da kansu, su ma su komo su yi rawa. Haka za a yi ta yi, wani lokaci har kwana biyu ko ukku, sai ƴan leƙe sun taru da yawa a wuri guda. Sannan duka su tashi. Wani malami ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, shi ya gano ma'anar rawar nan, aka ba shi kyautar Nobel a 1973.

Ke nan mai amya ba ya tilasta wa zuma. Amyarsa gardama take da kowane kogon icce na daji, kuma wadda ta fi ita ake ɗauka. A yi mata baki ƙarami. A yaɓe ta da kyau kada ruwa ko iska su shiga. A shafa kaki a ciki, don ƙamshinsa yana jawo ƴan leƙe. A rataya ta can bisa, cikin inuwa, inda tururuwa ba ta kai, nesa da gidaje da hanyar bisashe.

Cikin Dallol Mauri, daga Matankari da Dogon Dutsi har Kore Mairuwa da Tibiri, Allah ya hore mana gawo. Gawo yana fure bayan damina, lokacin da sauran furanni suka fara ƙarewa. Don haka a rataya amya tun kafin a gama yankan hatsi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗiban zuma da wuta. Zuma ta yi shawara ta zaɓi amyarka, kai kuma ka ƙone ta dare guda, wani sa'i har da ciyawar makiyaya. Hayaƙin busasshen kashin shanu ya isa. A ɗebi saƙar da ta nuna, a bar mai ƴaƴa, a rage masu abin ci har furanni su komo.