Mai neman haya, koma ka ga gidan da la'asar

Mai neman gidan haya a Kano ko Sakkwato yana da tambayoyin da ya haddace. Akwai ruwa? Wuta tana zama? Mota tana shiga layin idan damina ta kankama? Nawa ne la'adar dillali? Duk suna kan hanya. Amma akwai wadda ban cika jin ana yi ba, alhali ita ce za ta raba shi da barci daga Maris zuwa Mayu: ina bangon ɗakin kwana yake kallo?

Yawanci da hantsi ake zuwa ganin gida. A lokacin kowane ɗaki lafiya lau yake, ga sabon fenti, ga tayil yana ƙyalli, tayil ɗin ma da sanyi a tafin ƙafa. Sai an biya kuɗin shekara, an kwashe kaya an tare, sannan maigida zai gane cewa tagar ɗakinsa yamma take kallo, kuma babu abin da ya tsaya tsakaninta da rana tun daga azahar har faɗuwarta.

Wani zai ce ai ranar safe da ta yamma duk rana ɗaya ce. Haka ne, amma ba ɗaki ɗaya suke tararwa ba. Ranar hantsi tana samun bangon da ya kwana yana hucewa. Ta yamma kuwa tana zuwa ne a daidai lokacin da iska ta kai maƙurar zafinta, wajen ƙarfe uku, lokacin da a bazara ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Ga shi ta sunkuyo, saboda haka bakin kwanon rufi ba ya tare ta, kai tsaye take ratsa gilashi ta sauka kan katifa. Bulon siminti ya yi ta shan wannan zafi na sa'o'i, ya adana, sai bayan isha'i ya fara amayar da shi cikin ɗaki. Ka ɗora tafin hannunka a irin wannan bango da ƙarfe goma na dare, za ka ji shi da ɗumi kamar murhun da ba a daɗe da sauke tukunya ba. Fanka tana juyawa, amma iskar zafi kawai take kaɗawa.

Bangon kudu da na arewa ba su da wannan matsala sosai. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da layin Ikwaita, don haka da tsakar rana a bazara rana kusan a tsakar ka take, 'yar rumfa ko baranda ta isa ta yi wa taga inuwa. Bangon kudu ya fi samun rana a Disamba da Janairu, lokacin hunturu, sa'ad da kowa ke maraba da ita. Abin lura guda: a watan Mayu rana tana faɗuwa ne ta ɗan karkata arewa, shi ya sa ɗakin da ke kusurwar arewa maso yamma shi ma yana shan nasa rabon.

Gane gabas ba ya buƙatar wata na'ura. Dubi masallacin unguwa. A ƙasar Hausa alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, duk bangon da ke bayan mai salla, shi ne wanda za ka yi hattara da shi. Idan a can magini ya sa banɗaki, ko sito, ko matakalar bene, to ya san aikinsa. Idan ɗakin kwana ne da ƙatuwar taga, ka sake tunani.

A gidan bene, hawa na ƙarshe yana da ƙarin nauyi, domin kwano ne a kansa, kuma silin na roba ba ya hana zafi saukowa. Ƙasa ko tsakiya sun fi rangwame. Sannan a duba ko ɗaki yana da taga biyu a bango daban-daban, domin iska ba ta shiga inda ba ta da mafita.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ke biyan wannan kuskure. Maigida ya fita tun safe, yana kasuwa ko ofis. Uwargida ce da jariri da tsohuwa ke cikin ɗakin da la'asar. A gidajenmu na da, bangon tubali mai kauri yana jinkirta zafi, tagogi ƙanana ne, kuma idan soro ya ɗau zafi akwai tsakar gida, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin darbejiya, da dare ma a kwana a waje. Wanda ke hawa na uku ba shi da tsakar gida. Ɗakin nan shi ne iyakarsa.

Kada kuma a ce na'urar sanyaya ɗaki za ta gyara komai. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai mai hali. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit, fiye da ninki uku. Mai sola ma ya sani, batirinsa da dare yake ƙarewa, daidai lokacin da bangon yamma ke sakin zafinsa.

Wanda ya riga ya tare, ya tare rana tun daga waje. Zana ko asabari a bayan taga sun fi labule mai kauri amfani, domin labule yana tsayar da haske ne bayan zafi ya riga ya shigo. Farin fenti a bayan bango yana taimakawa, haka ma itace idan akwai fili.

Masu gina gidajen haya, ku ne da babban alhaki. Juya zanen gini ta yadda dogon bango zai kalli kudu da arewa ba ya ƙara buhun siminti ko ɗaya, kuma a takarda ake yin sa kafin a haƙa harsashi. Ku nemi hakan daga masu zana muku gini. Kai kuma mai neman haya, ka ce wa dillali za ka dawo bayan sallar la'asar. Shiga ɗakin kwana, rufe ƙofa, ka zauna minti goma kafin ka ciro kuɗinka.