FILIN MATA: Mun Je Su A Guzuguzu

Wannan mako labarin ziyara na kawo muku, amma akwai magana a ƙarƙashinsa, sai ku daure ku karanta har ƙarshe.

Da aka ba yara hutu muka tafi Gwarzo gaida Inna, muka kwana uku. A hanyar komowa Kano muka ratse Kabo wurin yayana. Shi kuwa mutum ne mai son su. Ana sallame La'asar ya ɗauko fatsa biyu da gwangwanin tana, ya ce a zo a kai 'yan birni madatsar ruwa ta Guzuguzu, su ga inda kifin miyarsu ya ke fitowa.

Mutanen bakin teku, kamar na Ikko, su kan tsaya a rairayi da doguwar sanda su wurga ƙugiya can bayan raƙuman ruwa. Namu ba haka ya ke ba. Ruwa ne kwance shiru, sai ciyawa a gefe, da masunta can tsakiya cikin kwalekwale. Kafin Magariba mun kama karfasa huɗu da tarwaɗa guda. Ita tarwaɗar kuwa 'yata ce ta jawo ta, don murna har ɗankwalinta ya faɗi ba ta sani ba.

Muna cikin dariya sai na ji wani dattijon masunci ya ɗaga murya, ya ce, "Hajiya, fitar da yaron nan daga ruwa!" Ashe autana ya tuɓe takalmi ya shiga cikin ciyawa har gwiwa. Dattijon ya tsinko wata 'yar katantanwa da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Ga gidan tsargiya."

To, uwargida, ga yadda abin ya ke. Mai tsargiya idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya kan ƙyanƙyashe, ya shiga jikin irin wannan katantanwa. Daga nan waɗansu tsutsotsi da ido ba ya gani su fito, su huda fatar wanda ya shiga wanka, ko wanki, ko su. Ba a jin zafi, sai dai ɗan ƙaiƙayi. Bayan wata biyu ko uku sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira cikin 1851.

Waɗansu su kan ce jinin nan alamar balaga ce ga yaro namiji. Wannan ba gaskiya ba ne, ciwo ne. Ya kan ƙarar da jinin yaro, ya rame, ya kasa karatu. Ku kuma 'yan mata na makaranta, kada kunya ta sa ku ɓoye wa iyayenku mata. Idan cutar ta daɗe a jikin 'ya mace ta kan taɓa mahaifa, har ta kawo wahalar samun haihuwa.

Maganinta yana asibiti, sunansa Praziquantel. A kan auna tsawon yaro ko nauyinsa kafin a ba shi, kuma sai ya ci abinci tukuna. Amma wanda ya warke ya koma ruwan, ya koma wa cutar.

Ba cewa na yi a hana yara zuwa su ba. A je, amma a tsaya a tudu, da takalmi a ƙafa, babba yana kusa. Ruwan da aka ɗebo a tafki don wanka a tafasa shi, ko a bar shi ya kwana biyu a tulu. Kifin kansa kuwa ba ya ɗauke da wannan cuta. Mun soya namu da yaji da albasa, har matar yayana ta ƙulla wa maigidana tsaraba.

Autana na kai shi asibiti da muka komo, likita ya ce in mai da shi bayan wata biyu a auna fitsarinsa. Na rubuta ranar a bangon ɗaki don kada in manta. Ke ma idan naki sun je hutu ƙauye, tambaye su inda suka yi wanka. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya raya mana su, amin. Sai mako mai zuwa.