Kwalekwalen Fada ya isa tsibiri, namu yana ina?

A shekararmu ta ƙarshe a kwalejin horon malamai babu abin da ke hana mu barci kamar maganar inda za a tura mu aiki. Kowa yana addu'a kada sunansa ya faɗa ƙauyukan bakin Tafkin Volta, balle tsibiran da ke cikinsa. Ni ma na yi wannan addu'a, Allah ya amsa, na dawo Ankara ina koyarwa kusa da gida a Sabon Zongo. Amma wani abokin karatuna, ɗan Katolika, kusan duk dogon hutu sai ya ɗaure kayansa ya hau jirgin fito daga Adawso zuwa Ekye Amanfrom, daga can ya bi kwalekwale zuwa tsibiran yankin Afram. Yana koya wa yara karatu da lissafi a ƙarƙashin cocin yankin, babu sidi ko ɗaya da ake biyansa. Da ya nuna mini hotunan ajinsa na ga yara masu suna irin namu, wallahi kunya ta kama ni.

Jama'a, mu tuna yadda waɗannan tsibirai suka samu. Da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965, ruwa ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya tashi mutane wajen 80,000 daga gidajensu. Tuddan da ruwa bai cinye ba suka zama tsibirai, masunta suka zauna a kai. Wutar da muke kunnawa a Nima da Maamobi daga can take fitowa, su kuwa da yawansu har yau asibiti da makaranta sai an haye ruwa. Yaro da ya kamata ya riƙe alli yana cikin kwalekwale yana kwashe ruwa ko warware koma.

Cocin Katolika ba ta shiga wurin da ka ba. A 2007 ta ware Donkorkrom ya zama yanki mai shugabancin kansa, a 2010 ta ɗaga darajarsa. Fada ɗaya yakan riƙe ƙauyuka da yawa, yana zagaya su lokaci lokaci. Idan ba ya nan, ɗan sa-kai na ƙauyen ne ke jan addu'a, yana rubuta sunayen yara, yana aika labarin mara lafiya. Kuɗin kuma akwai hanyarsa: kowane Oktoba akwai Lahadin da cocin Katolika a duk duniya ke tara taimako don irin waɗannan wurare. Ƙarfinsu ke nan, tsari da rajista da komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara.

Na san abin da wasu za su ce a majalisa bayan la'asar: ai mishan ne, addininsu suke yaɗawa. Gaskiya ne, kuma su ma ba su ɓoye ba. Matsayina a nan shi ne, duk taimakon da aka ɗaura wa sharaɗin sauya addini zalunci ne, ko daga wa ya fito, kuma iyaye Musulmi suna da haƙƙin su ce kada a sa 'ya'yansu ibadar da ba tasu ba. To amma uban da ɗansa ke zazzaɓi da tsakar dare, kwalekwalen da ya zo shi zai shiga. Wanda yake zaune a benci a Ankara ba shi da bakin zargin wannan uba.

Wasu kuma za su ce Zongo ma fama take da kanta, ga kwata, ga samari babu aiki. Haka ne. Amma kakanninmu ba masu kuɗi ba ne lokacin da suka bi hanyar goro har Salaga. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, a Kete Krachi ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Bakin wannan ruwa tsohon gidanmu ne, mu ne muka daina zuwa.

Ga abin da nake roƙo. Kowane babban masallacin Juma'a a Sabon Zongo da Nima da Maamobi ya ɗauki nauyin malami ɗaya ko ma'aikaciyar jinya ɗaya na mako huɗu a dogon hutu: kuɗin mota da na fito, abinci, gidan sauro da rigar ceto ta ruwa. A zaɓi tsibiri ɗaya a riƙe shi shekara biyar, kada a je sau ɗaya a ɗauki hoto a sa a Facebook a manta. Kafin tafiya a nemi sarkin zongon Donkorkrom ko na Yeji da ofishin ilimi na gunduma, a kuma gaida Fadan yankin a tambaye shi inda babu malami, domin ya riga mu sanin hanyar ruwan. Babu abin kunya a wannan. A 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana da shekara 100 ya taka har cocin Christ the King, kuma rawaninsa bai faɗi ba.

Ni dai na gaya wa abokina ya ajiye mini wuri a kwalekwale hutu mai zuwa. Shi zai yi addu'arsa, ni zan shimfiɗa buzuna, da safe mu raba aji. 'Yan uwana malamai da muka yi addu'ar kada a tura mu can, wa zai biyo ni? Allah ya ba mu ikon cika alkawari.