Gani Ya Kori Ji? Ba Kullum Ba

'Yan'uwa ɗalibai, mukan ce gani ya kori ji, amma mu dai ba mu yarda ido ne alƙalin ƙarshe ba. Akwai wani haske gaba da ja wanda ido ba ya kamawa, sai dai fata ta ji ɗuminsa, kamar a bakin murhu. Da shi kumbon Cassini ya auna Enseladus a 2005, wani ɗan wata mai zagaya duniyar Zuhal. A ido, ƙanƙara ce fara fat. Amma sai ga tsagogin kudancinsa sun fi sauran jikinsa ɗumi, inda ake zaton sanyi ya fi tsanani! Yau masana sun tabbatar akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙarar.

Don haka muna roƙon malamanmu na kimiyya, kada saurin gama manhaja ya sa a tsallake darasin wannan haske.