Filin Kimiyya: Dangin Sabulu Da Saurin Ƙonewar Amino Asid

Kowa ya san sabulu a wurin wanki, amma ba kowa ya san cewa danginsa na iya gaggauta haɗuwar sinadarai ko su jinkirta ta ba. Wannan al'amari ya shafi lafiyar jama'a, domin ingancin waɗansu magungunan allura ya rataya a kansa.

Amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su, kuma iri 20 ne suka fi yawa a jikin ɗan Adam. Idan sinadari mai ƙonarwa ya kama su, kamar famanganet, hodar nan shunayya da ake jiƙawa don wanke miki, sai su farfashe. Yawancinsu sukan saki iskar kabon dayoksaid da amoniya, su bar wani sinadari mai suna aldehaid. Wannan ƙonewa ba ta wuta ba ce, irin ta tsatsa ce da ke cin ƙarfe.

Ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai gudunsa. Idan ƙwayoyin suka kai wani adadi a cikin ruwa, sai su dunƙule su zama curi, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje. Masanin nan James McBain ne ya bayyana wannan ra'ayi a Ingila a 1913. A cikin SDS, sinadarin da ke sa man goge baki kumfa, ƙwayoyi wajen 60 ne ke haɗa curi guda.

Curin nan tamkar kasuwa yake. Mai saye da mai sayarwa da ke warwatse a ƙauyuka ba safai sukan haɗu ba, amma ranar kasuwa ciniki yakan yi sauri. Kan ƙwayar CTAB yana da cajin lantarki kishiyar na famanganet, saboda haka yakan jawo shi. Idan amino asid ɗin ma ya zauna a jikin curin, sai ƙonewa ta yi sauri. Shi kuwa SDS cajinsa iri ɗaya ne da na famanganet, don haka yakan kore shi. Idan ya riƙe amino asid ya bar famanganet a waje, sai aiki ya ragu. Menger da Portnoy sun tsara lissafin irin wannan rabuwa a 1967. Haka kuma idan sabulun ya yi yawa, kasuwanni sun yi yawa ke nan, 'yan ciniki su rarrabu, sauri ya sake faɗuwa.

Masu haɗa magani sukan zuba folisobet 80, wani ɗan'uwan sabulu, a cikin alluran furotin domin kada su cure. To, kowane allazi da nasa amanu. Idan zafi da haske suka daɗe suna dukan folisobet, yakan haifar da feroksaid, wanda ke ƙona amino asid mai suna metiyonin, har ƙarfin maganin ya iya raguwa alhali ruwansa garau yake a ido.

Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake ajiye irin waɗannan allurai a firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, cikin kwalinsu. A ƙasa mai zafi, ya kamata ma'aikatan asibiti da masu sayar da magani su riƙe wannan ƙa'ida da muhimmanci.